Kafin Ka Tambayi Mai Shago, Tambayi Ɗakinka: Nasiha Kan Sayen Talabijin Na OLED

Ƙannena matasan Keffi, maza da mata. Da ku nake, ku da kuka kammala karatu a Jami'ar Jihar Nasarawa kuka fara taɓa albashi, da masu yi wa ƙasa hidima da suka fito daga sansanin Magaji Ɗan Yamusa aka tura su cikin gari, da sababbin ma'aikatan asibitin tarayya, da masu sammakon bin mota ta Masaka da Mararaba zuwa aiki Abuja, da angwaye da amaren da ake shirin haɗa wa ɗaki. Na san da zarar ɗan kuɗi ya fara zama a hannu, kayan kallo na cikin abubuwan farko da rai ke biyawa. Wannan ba laifi ba ne. Wanda ya wuni yana fafutuka ya cancanci ya dawo ya miƙe ƙafa, ya kalli labarai ko ƙwallo ko wa'azi a hoto mai kyau.

Tambayar da kuke yawan yi ita ce: wane talabijin ne ya fi kowanne? In dai kyawun hoto ake magana, amsar a yau OLED ce, babu ja. Sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne. Sabo mai inci 55 ya haura naira miliyan ɗaya a kasuwarmu, alhali alawus ɗin mai yi wa ƙasa hidima naira 77,000 ne a wata, wato ko ya tara na shekara guda cif bai ci komai ba, bai kai ba. Abu mai irin wannan tsada ba a sayensa da ido kaɗai. Shawarata ɗaya ce, kuma a kanta zan gina sauran: amsar tana cikin ɗakinka. Wutar gidanka, hasken falonka, abin da kake kallo, da nauyin aljihunka, su ne za su zaɓa maka. Mai shago shi ne na ƙarshe da za ka tambaya.

Abin da ya raba shi da saura

Yawancin talabijin da ke gidajenmu, waɗanda muke kira filasma ko da ba su ba ne, suna da fitilu a bayan allo. Fitilun na haskowa, allon kuma yana tace hasken ya fitar da launi. Idan ana son baƙi sai allon ya yi ƙoƙarin tare hasken, kamar fitila a bayan labule: duk kaurin labulen sai haske ya ɗan leƙo. Shi ya sa idan aka nuna dare a fim za ka ga baƙin ya koma toka-toka.

Shi OLED ba shi da fitila a baya. Hoton 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, sama da ɗigo miliyan takwas ke nan, kuma kowane ɗigo shi ke ba da haskensa. Inda ake son baƙi, ɗigon kashe kansa yake yi gaba ɗaya. Daga nan baƙinsa ya zama baƙi ƙirin, launukansa suka fito rangaɗau, kuma wanda ya zauna a gefen falo yana ganin hoto daidai da wanda ke tsakiya. Ga shi siriri, ga saurin sauya hoto, abin da masu buga gem ke nema.

Fasahar ta daɗe tana tafe. A 1987 ne wasu masana biyu na kamfanin Kodak a Amurka, Ching Tang da Steven Van Slyke, suka fitar da tushenta. Sony ya fara sayar da talabijin irinsa a 2007, ɗan ƙarami mai inci 11, wanda kuɗinsa a Amurka ya kai dala 2,500. LG ya fito da mai inci 55 a 2013, Samsung kuma ya shigo da nasa salon mai suna QD-OLED a 2022.

A nan ne ake yi wa da yawa rufa-ido. Akwai QLED, wanda harafi ɗaya ne ya raba sunansa da OLED, amma shi ɗan gidan masu fitila a baya ne, an dai ƙara masa wani shafi da ke ƙawata launi. Talabijin ne mai kyau, yana da nasa amfanin da zan zo kansa, sai dai kada ka biya kuɗin wannan a miƙo maka wancan. Karanta kwali da kanka, harafi bayan harafi.

Tambaya ta farko: yaya wutar gidanka take?

Kowa a garin nan ya san halin wuta. Kamfanin AEDC da ke ba mu ya kasa layuka rukuni-rukuni: rukunin A an yi musu alkawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Fara sanin rukunin layinku, sannan ka duba abin da kuke samu a zahiri. Mutumin da wuta ke zuwa masa tsakar dare ta tafi kafin asuba, ya sayi talabijin na miliyan, ya sayi adon bango ne.

Cin wutarsa ba shi ne abin tsoro ba. A ce mai inci 55 yana jan wat 120, kana kallon awa shida kullum, yunit 22 ne a wata. Ko da farashin rukunin A na naira 209.5 da aka sa a watan Yulin 2024, bai wuce naira dubu huɗu da ɗari shida da 'yan kai ba. Abin tsoron shi ne irin wutar. Wata rana ta zo ba ƙarfi, ƙwan fitila ya yi ja kamar zai mutu. Wata rana taransifoma ta samu matsala a kawo ta da ƙarfin tsiya. Ga ƙaramin janareto da ke tari idan mai ya kusa ƙarewa, ga tsawar damina daga Afrilu zuwa Oktoba, wadda kan biyo wayar eriya ko ta dikoda ta shigo ɗaki. Kowanne daga cikinsu na iya ƙona allon wutar talabijin cikin ƙiftawar ido, kuma sau da yawa garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da wuta ta yi.

Don haka kuɗin kariya yana cikin kuɗin talabijin. Ka tanadi sitabilaiza mai kyau, da na'urar nan da ake maƙalawa a soket wadda ke yanke wuta idan ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ta kuma ɗan jinkirta kafin ta sake ta bayan an kawo. Ka kira mai gyaran wuta ya duba ko gidan yana da wayar ƙasa, don yawancin gidajen haya a Angwan Lambu da kewayen jami'a an yi su ne don ƙwai da fanka. In hadari ya haɗo da walƙiya, zare filogi da wayar eriya duka. Wanda yake da hali, ƙaramar sola da inbata mai ba da tsabtatacciyar wuta sun fi komai kwanciyar hankali. In kuɗinka ba zai ɗauki OLED da kariyarsa tare ba, to bai kai kuɗin OLED ba tukuna.

Tambaya ta biyu: yaya falonka yake?

OLED ɗan dare ne. Kyawunsa yana bayyana ne idan an rage haske, an saki labule. A falo mai manyan tagogi, da rana tsaka a watan Maris, labari ya sha bamban: allon yana ɗaukar inuwar taga, kuma idan hoto ya cika da haske, kamar filin ƙwallo da rana, talabijin ɗin da kansa yakan rage ƙarfinsa don kare ɗigoginsa. A irin wannan ɗaki, QLED mai ƙananan fitilu da ake kira Mini-LED, irin su Hisense U7 da U8 ko na TCL, ya fi shi haske, kuma kuɗinsa bai kai nasa ba. Kada kuma ka kafa OLED inda rana ke dukan fuskarsa kai tsaye, zafi maƙiyinsa ne.

Sai girma. Ɗauko tef ka auna daga inda kake zama zuwa bango. In bai kai mita biyu ba, kamar ɗakin gwauro ko ciki da falo, inci 42 ko 48 ya wadatar. Daga mita biyu zuwa biyu da rabi, inci 55. In ya doshi mita uku, inci 65. Faɗin mai inci 55 kusan santimita 123 ne, mai 65 kuma kusan 145, saboda haka auna bangon ma, ka tabbata bulon zai riƙe ƙusa. Ɗan haya kuma ya tuna cewa wata rana zai tashi, kuma kowane tashi haɗari ne ga allo mai kaurin da bai kai na wayar hannu ba.

Tambaya ta uku: me kake kallo?

A nan nake so ku fi tsayawa, don nan ne kuɗi ya fi zubewa a banza. Talabijin ba ya ƙirƙiro kyawun da ba a aiko masa ba. Yawancin tashoshin da ke kan dikodar kyauta da ƙananan kunshin GOtv da StarTimes suna zuwa ne da ƙaramin hoto. Ko tashoshin DStv masu HD iyakarsu layi 1080 ne, wato kashi ɗaya bisa huɗu na ɗigon 4K. Idan ka ɗora ƙaramin hoto a kan babban allo mai kaifi, aibinsa ne zai ƙara fitowa. Wanda kallonsa Arewa24 ne, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sai labaran NTA da dare, talabijin mai fitila na madaidaicin kuɗi zai biya masa buƙata sarai.

Ainihin hoton da OLED ke nuna bajinta a kansa ta intanet yake zuwa, shi kuma data yake ci. Netflix na neman saurin megabit 15 a daƙiƙa don 4K, kuma yana iya cinye gigabayit 7 a awa ɗaya. Fim ɗaya mai awa biyu, gigabayit 14 sun tafi. Ka dubi abin da kake sa wa wayarka a wata, ka yi lissafi da kanka. Mai kallon Labarina ko Izzar So a YouTube da datar waya, yana rage ingancin hoto don ta kai shi ƙarshen wata, bai shirya wa 4K ba.

Wa ya kamata ya saya ke nan? Mai son finafinai da dare, mai intanet na gida wadatacce. Mai buga gem da PlayStation 5 ko Xbox, wanda zai amfana da ramin HDMI 2.1 da saurin hoto 120 a daƙiƙa. Da masu sana'ar ɗaukar hoto da tace bidiyon biki, waɗanda ganin launi na gaskiya shi ne abincinsu. Waɗannan in sun saya, sayen nagari ne, mayar da kuɗi gida.

Tabon da ba ya gogewa

Akwai rauni ɗaya da mai shago ba zai fara gaya maka ba. Tunda kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, wanda aka fi wahalarwa ya fi saurin tsufa. Idan abu ɗaya mai haske ya zauna wuri guda awanni masu yawa, kullum, wata da watanni, yakan bar inuwarsa a allon har abada. Tambarin tasha a kusurwa, jan layin labarai da ke ƙasa, akwatin ƙidayar ci a wasan ƙwallo, su ne masu yin wannan ɓarna.

Ku dubi yadda muke amfani da talabijin a gidajenmu. Akwai gidan da tun safe ake kunna tashar da ke nuna Harami kai tsaye, ana jin karatun Alƙur'ani har dare. Al'ada ce mai albarka, amma tambari da rubutun tashar suna nan wuri ɗaya ba motsi. In don Hajiya ko Baba za ka saya, kuma ka san haka suke yi, saya musu mai fitila, hankalinka kwance. Haka mai gidan kallon ƙwallo, da mai shagon aski, da mai gidan abinci: tasha ɗaya daga safe zuwa dare, ga zafi, ga ƙurar hunturu, ga janareto. Kuɗin OLED ɗaya zai sayo musu manyan talabijin biyu ko uku masu juriya.

Kamfanonin sun sa dabarun kariya, kuma sababbin samfura sun fi na da ƙarfi sosai. Amma akwai wata dabara da halinmu ke karyawa. Talabijin na LG, alal misali, bayan an yi kallon awa huɗu aka kashe shi da rimot, yakan ɗauki 'yan mintuna yana daidaita ɗigoginsa a ɓoye, allon a kashe. Mu kuwa mun saba da zarar an gama kallo, yaro ya miƙa hannu ya kashe soket ɗin bango, ko a kashe janareto talabijin na tsakiyar magana. Wanda ke yin haka kullum ya hana shi gyaran kansa. Kashe da rimot, ka ba shi kamar minti goma sha biyar, sannan ka taɓa bango. Ka koya wa duk mutanen gidan wannan.

Kowa da daidai aljihunsa

In ka amsa tambayoyin nan kuma OLED ya dace da kai, ga yadda aka jera su. LG yana da manyan layuka uku: B, C da G. Lambar da ke bin harafin ita ke nuna shekara, C3 na 2023, C4 na 2024, C5 na 2025. B shi ne mai sauƙin kuɗi, baƙinsa daidai da na yayyensa, haskensa ne bai kai nasu ba, ya dace da mai kallon dare. C shi ne tsaka-tsaki, yana zuwa daga inci 42 har 83, yana da ramukan HDMI 2.1 guda huɗu, kuma shi nake nuna wa yawancin masu tambayata. G ya fi haske, an ƙera shi ya manne da bango, kuɗinsa kuma ya fi.

Samsung yana da S85, S90 da S95. S90 shi ne kishiyar C, launinsa mai armashi. S95, tun daga samfurin 2024, yana da fuskar da ba ta ɗaukar inuwar taga sosai, don haka shi ya fi jure falo mai haske. Sai dai Samsung ba ya karɓar tsarin hoton Dolby Vision da finafinan Netflix da yawa ke amfani da shi, LG da Sony suna karɓa. Sony kuwa, irin su Bravia 8 da A95L, ya yi suna wajen gyara ƙaramin hoto ya fito da mutunci, amma yana da tsada, kuma ka fara tabbatar da inda za a gyara maka shi kafin ka saya.

Sirrin da zai rage maka kuɗi shi ne samfurin bara. Bambancin shekara ɗaya ba kowane ido ke gane shi ba, amma aljihu yana ganewa. Ka kuma bar wani abu don sifika, domin siririn jiki ba ya ba da murya mai kauri.

Ranar saye

Idan ka shiga babban shago a Abuja za ka tarar da talabijin jere a bango, kowanne yana nuna zuma na zuba a hankali ko jan fure a kan baƙin fili. An ɗauki waɗannan hotuna ne musamman don su sace zuciya, an kuma ƙure hasken allon. Kai dai je da filash ɗinka. Sa abin da ka saba kallo, wani yanki na fim ɗin Hausa ko wasan Firimiya, ka ce a mayar da talabijin kan saitin gida, ka ja da baya daidai nisan kujerarka. Abin da ka gani a lokacin shi za ka kai gida.

Sayi sabo a hannun dillalin da kamfani ya amince da shi. Fouani ne ke rarraba kayan LG da Hisense a Nijeriya, SIMS kuma na cikin manyan masu rarraba Samsung. Ka sa a buɗe kwali a gabanka, a kunna, ka gwada lambar jikin talabijin da ta kwali da ta rasit. Ka tambayi tsawon garantin, da ko ya haɗa da allon, a rubuta maka.

Na hannu kuwa, wanda ake cewa ɗan Baljiyam, sai da idon basira. Sa hotuna a filash: ja zalla, kore zalla, fari, da toka mai duhu. Buɗe su ɗaya bayan ɗaya su cika allo, ka matso kusa. A kan ja ne inuwar tsohon tambari ke fitowa, a kan toka kuma za ka ga zane-zane da dabbare-dabbare. Duba gefuna ko akwai matattun ɗigogi. Juya bayansa ka karanta takardar wuta: waɗanda aka yi don Amurka da yawansu na bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Duk mai sayarwar da ya hana ka gwaji, ya riga ya ba ka amsa. Kuma ka sani, allon OLED in ya fashe ko ya lalace, canjinsa ya kusa kuɗin sabo.

Daga Abuja zuwa Keffi tafiyar kusan kilomita 50 ce, ga cunkoson Nyanya da Mararaba. A ɗauko shi a tsaye cikin kwalinsa, kada a kwantar, kada a ɗora masa kaya, kada a ɗaure shi a bayan babur ko saman Keke. Mutum biyu su fito da shi, su riƙe ta ƙasa inda yake da kauri. Kwalin kuma a adana shi don ranar tashi.

Abin da ya fi allo tsada

Ƙannena, na bar mafi nauyi a ƙarshe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsanani, mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, amma gasar kayan ɗaki ba ta ragu ba. Ana kai amarya, 'yan ganin ɗaki su fara da duban bango. Saboda wannan kallo na minti biyar, wani ango ya ci bashin manhajar waya mai ruwa, wani uba ya sayar da fili. Talabijin ba jari ba ne. Ranar da aka yage ledarsa darajarsa ta fara sauka, bayan shekara kuma wani sabo zai fito ya mai da shi tsoho. Kuɗin nan zai iya zama kuɗin hayar shekara, ko sola da za ta haskaka gida duka, ko jarin da amarya za ta fara sana'a.

Ke ƙanwata, kada ki bari ɗakin wata ya zama ma'aunin naki. Kai ƙanena, in za ka saya, saya da kuɗin da ka tara, bayan ka sauke haƙƙin ci da sha da na iyaye. Ka fara da mai fitila inci 43 in shi ne ƙarfinka, babu wanda zai rage maka daraja sai wanda bai san ciwon nema ba. Farashin wannan fasaha sauka yake yi a duniya shekara bayan shekara, wanda ya yi haƙuri zai samu wanda ya fi na yau. In kuma Allah ya hore maka ka saya, kai ne mai rimot: ka san abin da yara ke kallo, ka kashe idan an kira salla, ka bar wa iyalinka lokacin hira.

Allah ya yi wa nemanku albarka, ya ba ku halal mai yalwa, ya sa abin da za ku shigo da shi gidajenku ya zama sanadin alheri. Amin.